Matakan Gano Baƙuwar Ƙara a Injin A-Kori-Kura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Tsarnawa lokacin kwasar albasa, wurin da hanyar Tawa ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram, ya san irin wahalar da a-kori-kura ke sha a ƙasar nan. Albasa daga Galmi da Dogarawa, siminti daga Malbaza, tumaki da awaki daga kasuwar Badagishiri, ga kuma mutane a saman kaya ƙafafu na reto. Kamfanin Toyota ya ƙera Hilux ne don kayan da ba su wuce wajen tan ɗaya ba, buhun albasa guda kuwa yakan haura kilo 100, amma da wuya ka ga direban da ya tsaya a buhu goma. A haɗa da zafin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da man bakin hanya. Injin da ke wannan bauta, ko ba daɗe ko ba jima sai ya canza murya.

Idan ya canza, mutum biyu ne ke tafka asara. Akwai direban da zai ƙara sautin rediyo ya ce bari dai a kai Ƙonni, sai inji ya buga a daji. Akwai kuma mai motar da zai tsorata, bakanike na cewa “sai an sauke inji” ya amsa, alhali ƙarar daga bel ɗin fanka take. Hanyar kauce wa duka biyun ita ce a bi ciwon daki-daki, daga gwajin da ba ya cin ko dala zuwa mai tsada, kuma kada a kwance noti ko ɗaya sai kunne ya nuna wurin. Kayan aikin duk suna motarka ko gidanka: dogon sukudireba, guntun tiyo kamar kamu biyu, tocila, tsumma, kwalbar da ake ganin cikinta, alli, butar ruwa, da wayarka.

Mataki na 1: A tsaya ko a ci gaba?

Kana jin baƙuwar ƙara, ka kai ido kan dashbod. Abu uku ba sa jiran shawara: jar fitilar baƙin mai ta kama inji na aiki, ko allurar zafi ta haura ja, ko ƙarar ta zama bugu mai nauyi daga ƙasan inji, dum-dum ko ƙwal-ƙwal, mai ƙaruwa in ka taka totur. Ko ɗaya daga ciki ka gani, gangara gefen titi ka kashe nan take. Kar ka ce ai saura kaɗan a shiga Gidan Idar. Fitilar nan ba ta kamawa sai ƙarfin tura man ya kusa ƙarewa ɗungurungum, kuma ƙarfen da ke juyawa sau 2,500 a minti ba mai, ’yan mintoci sun ishe shi ya narke ya kama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ja birkin hannu, ka kara dutse a taya, ka ba inji kamar minti goma man ya koma ƙasa. Zaro ma’aunin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Idan man bai kai layin ƙasa ba, ka riga ka sami wanda za ka fara tuhuma. Idan kuwa ya haura layin sama alhali ba wanda ya ƙara, sunsuna shi: warin gazuwal ko fetur na nufin mai na tsiyaya cikin baƙin mai yana tsinka shi. Shafa ɗigo a farcen babban yatsa ka ɗaga shi a rana. Baƙi ba laifi ba ne, man injin gazuwal yakan yi baƙi kwana kaɗan bayan juye. Abin tsoro shi ne ƙyalli, ’yan ƙananan ɓurɓushi masu walƙiya, farare ko jajaye. Wannan naman inji ne ke zuba. Buɗe murfin zuba mai ka duba bayansa, in ka ga farin kumfa mai kauri, ruwa ya haɗu da mai.

Murfin lagireto kam, kar ka taɓa shi sai ka iya ɗora tafin hannu a kai ka bar shi. Bayan ya huce ka duba ruwan, sannan ka leƙa ƙarƙashin mota da tocila ko wani abu na ɗiga.

In duk waɗannan lafiya lau suke, kana da damar tayar da inji ka ci gaba da bincike. In ba lafiya ba, binciken bakin hanya ya ƙare nan, sai neman mai ja.

Mataki na 2: Ka tabbata injin ne ma

Ƙararrakin da ake ɗora wa inji, da yawa ba nasa ba ne. Tsayar da mota, sa giya a firi, taka totur sannu a hankali. Idan ƙarar ta biyo totur mota na tsaye, to a inji take ko a abin da ke maƙale da shi. Idan ba ta fito ba sai mota na gudu, nemi shimfiɗaɗɗen wuri mara cunkoso, kana tafiya ka sa firi ka saki totur na ɗan lokaci, inji a kunne. Ƙarar da ta ci gaba tana bin gudun taya ba ta inji ba ce. Gurnani mai canzawa in ka karkata sitiyari dama ko hagu, boris ɗin taya ne. Ƙwaram ɗaya lokacin tashi ko canjin giya, duba kuros ɗin farfela. Kacau-kacau a kan hanyar jar ƙasa mai gargada, irin waɗanda ke ratsa ƙauyukan gundumar Illela, sifirin ne ko shakazoba ko ƙarafunan bodi, wani lokaci ma jak ne ke yawo bayan kujera.

Kuloci ma yana ba da shaida. Mota na firi, taka shi ka saki. Ƙarar da ke fitowa sai ka taka, boris ɗin kuloci ne. Wadda ke ɓacewa da ka taka, ta dawo da ka saki, daga cikin giya take.

Mataki na 3: Yaushe take yi, kuma me ya faru kafin ta fara?

Nan ne direba ya fi bakanike sani, domin shi ke kwana da motar ya tashi da ita. Bambanci ne babba tsakanin wanda ya shiga gareji ya ce, “Maigida, motar nan na wata irin ƙara,” da wanda ya ce, “Maigida, da asuba ba ta yi, sai ta yi zafi, kuma ta fi yi in na saki totur bayan na taka.” Na biyun ya rage wa kansa rabin kuɗin aiki.

Ƙarar da ke fitowa da sanyin safiya ta ɓace in inji ya ɗumama, yawanci ta giɓi ce da zafi ke cikewa: fistan da ya saki a cikin silinda, ko tsagar manifol ɗin salansa, ko saman inji da mai bai riga ya isa ba. Irin wannan takan ba da lokaci. Wadda ba ta nan da safe, sai inji ya yi zafi man ya tsinke ta bayyana, ita ce mai hatsari, domin tana nuna metal, wanda kanikawan da suka koyi aiki da Faransanci ke kira kusine. Wadda kuma ba ta fitowa sai an hau tudu da kaya, a fara tuhumar man da aka sha ko saitin wuta.

Sannan ka tambayi kanka gaskiya: mene ne abu na ƙarshe da aka yi wa motar? An sha mai a sabon wuri? An yi juye, da wane mai, da wace filta? An taɓa wani abu a gareji makon jiya? An ratsa ruwa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ga masu bin kwarin Magiya a watan Agusta. Ruwa ba ya matsuwa. Idan ya shiga ta hanyar iska ya cika silinda, fistan ya zo ya tarar da shi, hannun fistan ne ke lanƙwashewa, daga nan sai bugu da karkarwa. Motar da ta mutu a tsakiyar korama, kar a yi mata kik, kar kuma a tura ta don ta tashi. A jawo ta waje, a cire hita ko filogi, a juya inji ruwan ya fita tukuna.

Ɗauki ƙarar a waya, sau ɗaya da sanyi, sau ɗaya da zafi, kana faɗin abin da kake yi da bakinka. Ƙara ta iya ɓuya da zarar an isa gareji, kuma ko kana Tajaye kana iya aika wa bakanikenka na Ƙonni ta WhatsApp ya gaya maka ko ka taho ko ka tsaya.

Mataki na 4: Saurari takun ƙarar

Kamshaf, mai buɗe bawul-bawul, yana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Inji na silo a juyi 700 a minti, bawul guda zai buɗe sau 350, wato wajen sau shida a daƙiƙa, abin da kunne zai iya bi ɗaya bayan ɗaya. Nozul da tsagar salansa ma wannan takun suke bi. Ƙarar da ta ninka haka sauri tana tafiya ne da karanshaf. Wadda ba ta da taku sam, ƙiii ko gurrr ko shuuu ba yankewa, ta abin da ke juyawa ne a waje: bel, fuli, boris, turbo. Kar a riƙe wannan kamar hukuncin alƙali, domin metal ma yakan fi bugawa lokacin da wuta ta tashi a silindarsa, amma yana rage wuraren da za a duba.

Mataki na 5: Nemo wurin da sukudireba

Kafin ka sunkuya kan injin da ke aiki, cire babbar riga, cire rawani, naɗe hannun taguwa, sa carbi a aljihu. Fanka da bel ba sa barin abin da suka kama. Ka tabbata giya na firi, birkin hannu a ja, kuma wanda ke zaune a kujerar direba mutum ne mai jin magana.

Ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfe mara motsi, ka kara ƙotar a ƙashin da ke gaban kunnenka. Za ka ji cikin inji tar. Fara da murfin sama, daga gaba zuwa baya. Sauko kan kowane nozul. Sauko gefen silinda, sannan ƙasa kusa da kaskon baƙin mai. Koma gaba: jikin altaneta, kusa da famfon ruwa, famfon sitiyari, murfin bel ɗin tamin. Ko’ina akwai ƙara, wurin da ta fi kaifi kake nema. In ka sami wata mota irin taka mai lafiya a tasha, roƙi mai ita ka saurari tasa a wurare guda, nan da nan kunnenka zai gane bambancin.

Tiyo kuma na iska ne. Sa baki ɗaya a kunne, ka bi da ɗayan gefen manifol, da gindin nozul, da robobin iska. Inda hayaƙi ko iska ke tsere za ka ji fus-fus a kunnenka.

Mataki na 6: Wanke gaban inji daga zargi

Wannan shi ne gwajin da ya fi ceton kuɗi, kuma shi aka fi tsallakewa. Idan ƙarar ƙiii ce, musamman da safe ko in an murza sitiyari har ƙarshe, ɗiga ruwa kaɗan daga buta a kan bel inji na silo. Ta yi shiru na ɗan lokaci ta dawo, bel ne ya bushe ko fuli ya karkace. Ta ƙaru, bel ya saki yana sulɓi. Ba ta canza ba, a koma kan boris. Kar a zuba baƙin mai ko man birki a kan bel don ya yi shiru, cinye robar suke.

Gwajin da ke raba gardama shi ne cire bel ɗin waje gaba ɗaya, inji na sanyi, a tayar na kamar minti ɗaya kawai, tunda famfon ruwa ba ya aiki. Ƙara ta ɓace, ciwon na waje ne, ba ruwan cikin inji. Kashe, ka juya kowane fuli da hannu. Mai lafiya yana juyawa sumul, mai ciwo yana gurzawa ko yana girgiɗi. Kama fanka ka jijjiga ta gaba da baya: in ta yi motsi, ko ka ga sawun busasshen ruwa a ƙarƙashin famfon, famfon ruwa ya gaji. Babban fulin ƙasa a injuna da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Ja layi da alli ya ratsa su biyun, ka tayar, ka kashe. Layin ya rabu, robar ta saki.

Masu tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L su riƙe wannan: famfon da ke taimaka wa birki a bayan altaneta yake. Bel ɗin altaneta na tsinkewa, ba caji kaɗai ka rasa ba, bayan taku kaɗan birki zai yi tauri ƙiƙam, ga kaya a baya. Don haka kukan bel a waɗannan motoci ba abin a bari sai an dawo daga kasuwa ba ne.

Rurin da fanka ke yi da tsakar rana in inji ya ɗau zafi, ya lafa in ya huce, aikinta take yi. A bar ta.

Akwai kuma bel ɗin ciki, na tamin, wanda murfi ya rufe. Injunan 3L da 5L, da 1HZ na Land Cruiser, da 2KD da 1KD masu tambarin D-4D, duk bel gare su. A tsofaffin ana canza shi a kilomita 100,000, a na KD a 150,000, kuma akwai fitilar T-BELT a dashbod don tuni. Sai dai motar da ta shigo ta Kwatano bayan ta ga duniya, ba a rantsuwa da lambar da ke agogonta. Shuuu ko kaf-kaf daga bayan wannan murfi na nufin a buɗe yau, domin in bel ɗin ya tsinke fistan da bawul ne za su yi karo. Injunan fetur 22R da 2TR, da na gazuwal 1GD da 2GD da suka zo da Hilux ta 2015, sarƙa gare su. Tsohon 22R ya yi suna da kacau-kacau ɗin sarƙa lokacin tashi in robar da ke riƙe ta ta karye, kuma in an ƙyale, sarƙar kan ci murfi har ruwa ya gangara cikin mai.

Mataki na 7: Saman inji

Cak-cak-cak siririya, mai tsari kamar keken tela, daga ƙarƙashin murfin sama: giɓin bawul ne ya yi yawa. A tsohuwar Peugeot 404 da 504, waɗanda har yau ake gani da lodin kasuwa, da kuma 22R, noti da sukudireba da ma’aunin giɓi sun isa. A 3L da 5L sai an canza ’yan faya-fayan ƙarfe masu kauri daban-daban, kuma awon da sanyi ake yi: milimita 0.20 zuwa 0.30 a bawul ɗin shigar iska, 0.40 zuwa 0.50 a na fitar hayaƙi. Injin 2TR kuwa da ƙarfin mai yake cike giɓin da kansa, saboda haka cak-cak na ’yan daƙiƙu da safe ba komai ba ne, amma in ta daɗe a duba mai da filta.

A nan ina da ƙorafi kan wasu kanikawa. Mai mota na son shiru, sai a matse bawul har ƙarar ta ɗauke, kowa ya yi murna. Bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. ’Yar ƙarar bawul mai giɓi daidai ta fi wannan shirun alheri nesa ba kusa ba. Duk wanda zai yi maka saiti ba ma’auni a hannunsa, ɗauke motarka.

Tsagar manifol ko ƙonewar gaskit ɗinsa na kwaikwayon ƙarar bawul sosai, tak-tak da safe, ta ragu da zafi. Shaidarta baƙin sawun hayaƙi ne a gefen ƙarfen, ko noti da ya karye. Aiki ne mai sauƙi, amma hayaƙin na shiga wurin direba, musamman da hunturu da ake rufe gilashi.

Masu D-4D su kula da washar tagulla da ke gindin kowane nozul. In ta ci, hayaƙi na hawowa ya gauraya da baƙin mai, ya zama dasƙararren gawayi, ya gangara ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Injin 1KD ya shahara da wannan. Alamarsa fus-fus a sama, farin hayaƙi da bugu da safe. Washa ’yar ƙaramar aba ce, amma ta sha kashe inji sukutum. In an canza ta, a leƙa rariyar ma.

Turbo in yana siririn fito, halinsa ne. Shuuu mai ƙarfi tare da baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, robar iska ce ta fashe ko ta zame. Kuka mai hawa da sauka irin na jiniya kuwa, fukafukansa ne suka ci ƙasa. Buɗe gidan filtar iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayanta. In ka ɗebo ƙura, filtar ta huje ko ba ta zauna daidai ba, kuma abin da ya ci turbo yana cin ringi.

Mataki na 8: Tuhumi man da ka sha

Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gidajen mai ke samun man gida, amma Ƙonni gari ne na bakin iyaka, tazarar ’yan kilomita ce tsakaninta da Illelar jihar Sakkwato, kuma shekara da shekaru fetur ɗin ’yan ruwa-ruwa ke cika kwalabe a bakin titi. Cire tallafin mai da Nijeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya rage ribar sana’ar, bai kawar da ita ba. Ba kowane mai sayarwa ke algus ba, da yawansu mutanen kirki ne masu neman abinci. Amma jarkar da ta sha rana da raɓa, da mazurarin da ya wuni a ƙura, ko ba mugun nufi suna iya ba ka ruwa da ƙasa.

A injin fetur, man da aka gauraya da kananzir ko mai rauni yana sa ƙarar ƙyar-ƙyar-ƙyar siririya in ka taka totur a babbar giya ko a hawan tudu, ta ɗauke da ka saki. Wutar ce ke fashewa ba a kan ƙa’ida ba. Zafin inji da saitin wuta da ya yi gaba su ma suna kawo ta. Koma ƙaramar giya, rage kaya in da hali, ka cika tanki da mai kyau a gidan mai na farko. In aka daɗe ana haka, kan fistan ne ke hujewa.

Injin gazuwal dama da ƙararsa aka haife shi, don haka sai wanda ya saba da motar ke gane ranar da ta yi kaifi. Idan duk silindojin ne suka ɗau ƙwas-ƙwas bayan shan mai, a zargi man: ruwa, ko fetur da ya shiga bisa kuskure, ko iska a bututu. Kwance ’yar makunnin da ke gindin filtar gazuwal, ka tara kwalba, ka danna famfon hannu da ke sama. Ajiye kwalbar minti biyar a inuwa. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka, ƙasa da tsatsa ma haka. In fetur ne ya shiga tankin D-4D, kar a tayar sam, a zuƙe tankin, domin famfonsa da gazuwal ɗin yake samun santsi.

Mataki na 9: Ƙasan inji, da yadda ake kama silinda mai laifi

An wanke gaba, an wanke sama, mai lafiya lau, bugu na nan. Yanzu sai a kashe silinda ɗaya-ɗaya a ji. A injin fetur, a zare wayar filogi da filaya mai roba a hannu, ko a cire soket ɗin nozul. A tsohon injin gazuwal irin 3L, 5L da 1HZ, a rufa tsumma a kan notin bututun da ya shiga nozul, a sassauta shi kamar rabin juyi inji na silo, a saurara, a ɗaure, a wuce na gaba. Silindar da bugun ya lafa da aka kashe ta, ita ce.

Gwajin sassauta bututu haramun ne a D-4D da duk injin gazuwal da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsa. Ƙarfin man da ke cikin bututunsa ya haura awon bar 1,000, yana huda fata ya shiga jiki, ciwon da kan kai ga yanke yatsa. Waɗannan sai a sa musu na’urar bincike, ita za ta nuna nozul ɗin da ya kauce.

Kama silinda ba shi ne kama ciwo ba, domin nozul mai tsiyaya da metal da ya ci suna iya yin bugu kusan iri ɗaya, kuɗin gyaransu kuwa ko kusa. A tsohon inji akwai dabara mai sauƙi: a musanya nozul ɗin silindar da ake zargi da na wata. Bugu ya bi nozul zuwa sabon wuri, ka tsira da ƙaramin gyara, a kai shi wurin masu gwajin nozul. Ya tsaya inda yake, ciwon na fistan ne ko hannunsa ko metal.

Sauran shaida biyu kafin a sauke komai. Ta farko, a cire ’yar na’urar fitilar mai a ɗaura agogon awo a gurbinta, inji da zafi. A 3L da 5L, Toyota na neman aƙalla bar 0.3 a silo, da wajen bar 3 zuwa sama a juyi 3,000. Ta biyu, a tsiyaye man a cikin tsabtataccen kwano, a yanka filtar a baje takardar cikinta a rana. Ƙyallin ƙarfe a nan ya gama magana. Daga nan ma kaskon ƙasa ake fara cirewa a ga metal ɗin ido da ido. In an kama shi da wuri, karanshaf bai ji rauni ba, wani lokaci canjin metal da gano dalilin da ya hana shi mai sun wadatar. In an yi ta tafiya a kai, sai an kai karanshaf wurin masu fiƙa, ko hannun fistan ya fasa gefen inji ya leƙo.

Mai sayen tsohuwar mota ya san cewa mai kauri na ɓoye wannan bugu na ɗan lokaci. In ka je duba mota ka tarar an riga an ɗumama ta, ka ce za ka dawo da asuba ka tayar da kanka, sannan ka tuƙa ta har ta yi zafi sosai ka sake saurare.

Mataki na 10: A gareji

Ka je da bayaninka da abin da ka ɗauka a waya. Ka nemi bakanike ya nuna maka wurin da ƙarar take da sukudireba, kai ma ka kara kunne. Ka tambaye shi abin da ya sa ya ce nan ne, da gwajin da zai tabbatar kafin a kwance. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya. A yi ciniki kan bincike daban, gyara daban, kuma duk abin da aka cire a ba ka tsohon a hannu. In hukuncin sauke inji ne, ba laifi ka ji ta bakin na biyu, ko a Ƙonni ko a Tawa ko a Maraɗi.

Kukan bel, da cak-cak ɗin bawul, da tsagar salansa, ana iya lallaɓawa da su zuwa gari, a hankali, ido na kan allura. Ƙarar bayan murfin tamin, da kukan turbo, da boris ɗin famfon ruwa, gareji mafi kusa, kuma a sauke kaya in da hali. Bugun ƙasa, da jar fitila, da ƙyalli a mai, igiya ce kawai.

Saura ku iyayen gida masu motoci. Direbobi da yawa suna jin ƙarar sarai, tsoron faɗan Alhaji da asarar lodi ne ke hana su tsayawa. Ku gaya wa direbanku tun kafin ya bar gida cewa in jar fitila ta kama ko ya ji bugu daga ƙasa, ya kashe mota ya kira ku, kuɗin ja da na sauya wa kaya mota a wuyanku suke, kuma ba za a cire masa ko dala daga albashinsa ba.